Tarar kyamarar danja: inda hujja take ci da inda roƙo ba ya amfani

A biranen Amurka da dama, direban da ya tsallake jar danja ba ya ganin ɗan sanda. Bayan 'yan makonni wasiƙa za ta iso adireshin wanda aka yi wa motar rajista, ɗauke da hotuna da adadin tara da ranar cikar wa'adi. New York ta fara wannan tsari a 1994, Chicago a 2003. Yanzu Legas ma tana aika wa masu mota saƙon tarar naira 20,000 bisa hoton kyamara, don haka abin da ya faru a Amurka ya cancanci a duba shi da kyau.

Abu na farko da mai takarda zai bincika shi ne wa doka take tuhuma, motar ko mutumin. A New York mai motar ne ke biya ko da ba shi ne a sitiyari ba. Tarar dala 50 ce, ba a rubuta wa lasin makin laifi, ana ɗaukarta kamar tarar ajiye mota a inda aka hana. A Florida dala 158 ce, idan aka yi kwana 60 ba a biya ba kuma ba a nemi zaman ƙalubalantar tarar ba sai ta koma sammaci, kuɗin ya haura dala 260. Tsarin da California ta daɗe tana bi ya sha bamban: direba ake tuhuma, tara da ƙarin kuɗaɗen kotu sun kusa dala 500, ga maki ɗaya a lasin wanda kan sa inshora ta yi tsada. Saboda haka dole hoton ya nuna fuskar mai tuƙi. Kalmar "ba ni ba ne" tana iya kashe shari'a a California, a New York kuwa ko kallo ba za ta samu ba.

Na'urar hoto biyu take ɗauka: ɗaya motar tana bayan farin layin tsayawa danja ta riga ta yi ja, ɗaya kuma tana tsakiyar mararraba, galibi da gajeren bidiyo. A gefen hoton akwai lokaci, da tsawon daƙiƙun da ruwan ɗorawa na danjar ya yi, da daƙiƙun da suka wuce bayan ja ta kama. Nan hujja take. Idan hoton farko ya nuna tayoyin gaba sun riga sun ƙetare layi kafin ja ta kama, tuhumar ta raunana ƙwarai, domin shiga bayan ja ake hukuntawa.

Tsawon ruwan ɗorawa shi ne wurin da na fi zargin hukumomi. Ƙa'idar tarayyar Amurka ta ce daga daƙiƙa 3 zuwa 6, gwargwadon gudun da aka yarda a titin. A 2014 jaridar Chicago Tribune ta bankaɗo cewa birnin ya fitar da takardun tara kimanin 77,000 a inda ruwan ɗorawa ya tsaya a daƙiƙa 2.9. Bambancin kamar ba komai ba ne, amma motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Wannan birnin ne kuma aka ɗaure jami'insa John Bills shekara 10 a 2016 saboda karɓar cin hanci daga kamfanin Redflex mai kafa kyamarorin, kuma a 2017 birnin ya amince ya biya kusan dala miliyan 39 saboda bai aika wa mutane sanarwa ta biyu da doka ta tanada ba. Ashe mai ɗaukar hoton ma yana bukatar mai sa masa ido.

Sauran hujjojin da ake karɓa sanannu ne, kuma kowacce da takardarta: rahoton 'yan sanda idan an sace motar ko lambarta, takardar ciniki idan an sayar da ita kafin ranar, bidiyon da ya nuna an matsa wa motar asibiti ko ta kwana-kwana, ko jami'i ne ya ba da hannu. Batun ciniki ya fi shafar mu, domin mota kan wuce hannu uku ba a canja sunan rajista ba, tara kuwa sunan farko take bi. Kwanar dama a kan ja tana kama mutane da yawa: inda aka halatta ta, yawanci sai an tsaya cak tukuna, rage gudu bai wadatar ba. "Ina sauri" da "na bi motar gabana" ba sa cikin lissafi. Haka nan cewa hoto ba shaida ba ne, tun da a 2014 kotun ƙolin California ta ce ana karɓarsa.

Mafi muni shi ne a jefa takardar a aljihun mota. Wa'adin ƙalubalanta kwana 30 ne a New York, bayansa ƙarin dala 25, a Chicago kuwa tara ninkuwa take yi. Biya kuma amsa laifi ne, don haka a kalli bidiyon tukuna.

Ban goyi bayan abin da Texas ta yi a 2019 na haramta kyamarorin baki ɗaya ba. Binciken hukumar manyan hanyoyin Amurka na 2005 ya nuna karon gefe, wanda ya fi kisa, ya ragu da kusan kashi 25 cikin ɗari a inda aka kafa su, ko da yake bugun baya ya ƙaru da kashi 15. Wannan ciniki ne mai riba. Amma da sharaɗi: a wallafa tsawon ruwan ɗorawa na kowace mararraba, kada a biya ɗan kwangila bisa yawan takardun da ya fitar, kuma wanda aka ci tara ya ga bidiyonsa ya samu wanda zai saurare shi kafin a taɓa rajistar motarsa.