Ba rashin aikin yi ba ne, rubutawa suke yi

Kwana biyu ke nan ina danne zuciyata kan bidiyon nan na Turawan da suka yi cincirindo a bakin teku a Norfolk ta ƙasar Ingila, cikin sanyi, kowa da madubin hangen nesa, saboda wani baƙon tsuntsu da iska ta karkato da shi can. Abin da ya ɓata min rai shi ne bakin mutanenmu. Wai ƙoshi ne ya yi musu yawa. Wai da sun ɗanɗana tsadar masara da ba su tsaya kallon tsuntsu ba. Har da masu digiri a cikin masu dariyar. Haba jama'a!

Ku sake kallon bidiyon, ku dubi hannayensu. Rubutawa suke yi. Rana kaza, wuri kaza, tsuntsu kaza, guda nawa. Duk shekara idan sanyinsu ya fara karyewa, daga Maris zuwa Afrilu, haka suke fita gaɓar Cley, wani ƙauye a Norfolk ɗin, da kewayenta suna jiran tsuntsaye masu ƙaura na farko da za su sauka daga Afirka. Fadamar Cley ɗin ma tun 1926 aka saye ta aka keɓe wa tsuntsaye. A wannan Norfolk ɗin wani mai gona, Robert Marsham, ya fara rubuta ranar da ganye ke tohowa da ranar da tsattsewa ta farko ke isowa tun 1736, zuri'arsa suka riƙe littafin har 1958. Shekara ɗari biyu da ɗoriya gida ɗaya yana rubuta abu ɗaya. Da irin wannan rubutu suka gane cewa yanzu tsattsewa na riga lokacinta na shekarun 1960 isowa da kusan mako biyu, saboda ɗumamar yanayi. Da me za a gane haka in ba a rubuta ba?

Kuma abin da ya fi ci min rai, da yawa cikin tsuntsayen nan baƙinmu ne. A wajenmu suke cin rani. Agwagin ruwan da ke cika fadamar Haɗeja da Nguru da tafkin Chadi lokacin hunturu, da yawansu a Turai aka ƙyanƙyashe su, can kuma suke komawa. A 1969 masu ƙidayar nan na Ingila suka wayi gari wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da suka saba gani ko'ina ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku, a shekara ɗaya tak. Da suka bi diddigi sai sawu ya kawo su Sahel, inda damina ta gaza a 1968. Mafarin farin nan ke nan da ya zo ya cinye dabbobin Nijar da arewacin Najeriya a 1973, wanda iyayenmu ba sa son tuna shi. Tsuntsu ya kai labarin yunwarmu har Turai, masu littafi suka karanta.

Na san za a ce mu yunwa ta dame mu. Yunwar ce ma dalilin maganata. Wa ya fi manomi buƙatar sanin ko lokaci ya gusa? Littafi da biro nawa suke? Wani kuma zai ce ai kakanninmu sun san duk wannan ba tare da takarda ba. Sun sani, ban musa ba. Duk Bahaushe ya san idan shamuwa ta sauka damina ta ƙarato, a fara gyaran gona. To faɗa min ranar da ta sauka garinku bara. Faɗa min ta shekara goma da suka wuce. Tsohon da ya riƙe wannan a kansa ya rasu, ya tafi da shi kabari, mu kuma muna nan muna musun ko damina ta sauya ko ba ta sauya ba, kowa da abin da ya ji a bakin wani.

Wallahi ba Turawa nake yabo ba, kishi nake ji. Muna da Dagona a Yobe, wadda Yarima Philip na Ingila ya tako har can ya gani a 1989. Muna da cibiyar binciken tsuntsaye a Jos da ke horar da 'ya'yanmu. Amma yaro a ƙauye ya harbo tsuntsu da danƙo, ya ga zobe mai lamba a ƙafarsa, sai a ce asiri ne ko leƙen asiri, a jefar. Alhali wani ne a wata ƙasa ya sa masa zoben, yana fatan wata rana a aiko masa da lambar ya san inda tsuntsun ya kai. Malaman firamare, ku kuke da yaran nan a hannu. Allo ɗaya a bangon aji, a rubuta ranar shamuwa ta farko da ranar ruwan farko, duk shekara. Shi ke nan abin da nake roƙo.

Ni ma na fara nawa littafin, sai dai na makara. Tsamiyar ƙofar gidanmu da shamuwa ke sheƙa a kanta tun ina yaro, an sare ta an yi shaguna. Bara na ga guda biyu suna ta kewaya wurin da yamma, daga baya suka nufi gabas.