Tabon da na zo da shi Jamus daga Tashar Dukku

Akwai wani tabo a ƙwaurina na hagu, faɗinsa ya kai tafin hannun yaro. A Gombe na same shi, kusa da Tashar Dukku, ranar da ɗan acaɓan da ya ɗauko ni ya kauce wa akuya muka zube a kan tsakuwa. Faɗuwar ba wata babba ba ce, ƙujewa ce kawai. Kafin in miƙe mutane sun yi mana zobe, wannan na sannu, wancan ya ɗaga mashin, wani ya kama tsine wa akuyar da mai ita. Sai ga wani bakanike da gudu riƙe da 'yar gorar man birki, ya tsiyaya mini a kan ciwon, wai yana tsayar da jini. Zafin ya kai mini har tsakar ka. Wani dattijo ya dafa kafaɗata ya ce, "Daure ɗana, zafin nan shi ne maganin." Na daure. Ciwon da zai kame cikin mako guda sai da ya ruru ya yi ruwa, na yi wata cur ina ɗingishi.

Ban taɓa jin haushin bakaniken nan ba. Aikinsa ya bari ya taho domin ni, kuma abin da ya sani ya yi.

Sai da na zo neman lasisin tuƙi a Hamburg na sake tuna shi. A Jamus ba a ba ka lasisi, na mota ko na babur, sai ka kawo shaidar ka yi kwas ɗin taimakon gaggawa. Darasi 9 ne, kowanne minti 45, ana gamawa a yini ɗaya. Kowace mota dole ta kasance da akwatin bandeji da filasta da safar hannu. Kuma a dokarsu, wanda ya ga hatsari yana da ikon taimakawa ya yi gaba, ana iya cin sa tara ko ɗauri har na shekara ɗaya. Mu a Gombe ba mu buƙatar wannan doka ta ƙarshe. Wa zai wuce? Matsalarmu ma taron ya yi yawa, mutum goma da shawara goma sha ɗaya. Ban ga alamar Bajamushe ya fi mu tausayi ba, kuma a saurin kai ɗauki ko kusa bai kamo mu ba. Abin da ya fi mu da shi yini ɗayan nan ne da aka tilasta masa ya zauna aka nuna masa abin da zai yi da hannunsa, da abin da zai bari.

Ba kuma duk abin da suke yi ne zai yi mana ba. Su koyarwarsu ita ce ka rufe ciwo da abu mai tsabta, kada ka barbaɗa komai, ka kira 112 ka jira. Suna da tabbacin motar asibiti na tafe. Mu ma muna da 112, kuma hukumar kiyaye haɗurra tana da 122, amma wanda ya ƙuje gwiwa a Pantami ko Bolari ba jiran kowa zai yi ba, gida zai tafi ko kemis. Don haka wankin ciwo a wurinmu shi ne babban aiki, kuma abin wankin yana kan kowane yaro mai talla: fiya wata. Leda uku ko huɗu, a huda, a matsa ruwan da ƙarfi a kan ciwon har yashi da tsakuwa su fita. In akwai sabulu a wanke gefe-gefe. Ƙasar da aka bari a ciki ita ke kawo ruɓa, ita ce kuma ke barin baƙin tabo irin nawa. In jini na zuba, a sa ƙyalle mai tsabta a danne da ƙarfi minti goma ba tare da ɗagawa ana leƙe ba. In ya jiƙe a ɗora wani a kai. Kada a manna auduga kai tsaye a kan ɗanyen ciwo, gobe sai an yi kuka wajen ɓamɓare ta. Man birki, fetur, baƙin mai, toka, ƙasa, duk ba abin da suke yi sai ƙona naman da zai haɗe da ƙara masa datti.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne ƙunar salansa. Da wuya ka sami gida a Gombe da babu mace ko yaro mai wannan tambari a bayan ƙwauri. Da an ƙone sai a nemi man goge baki, ko ɗanyen ƙwai, ko manja. Alhali zafin yana ci gaba da cin fata ko bayan an janye ƙafar, kuma abin da ke kashe shi ruwa ne mai sanyi, a yi ta kwarara wa wurin har minti 20. Ba ƙanƙara ba, ruwan randa ya isa. In ya yi bororo kada a fasa, a rufe shi sako-sako.

Sai allurar tetanus, wadda mutanenmu ke tunawa da ita kawai in sun taka ƙusa. Ƙwayar cutar a ƙasa take zaune da kashin dabbobi, kuma titinmu mu da shanu da awaki muke raba shi. In ciwon ya kwashi datti kuma ka haura shekara biyar rabonka da allurar, ko ba ka ma tuna yaushe ba, ka je a duba ka ranar.

Abin da ban yarda a kira shi ƙaramin rauni ba shi ne buguwar kai. Mutum zai tashi ya kakkaɓe riga ya ce lafiyarsa ƙalau, jama'a su ce Allah ya kiyaye gaba, kowa ya watse. In daga baya ya fara amai, ko barci ya dinga fizgarsa, ko maganarsa ta rikice, ko ciwon kai na ƙaruwa, ko jini ko ruwa ya fito ta kunne ko hanci, wannan ba aikin kemis ba ne, sai asibiti a daren. Wanda kuma ya ce wuyansa ko bayansa na ciwo, kada a cicciɓe shi a ɗora a wani mashin ɗin. Maganar hular kwano kuwa, mun san yadda ta ƙare tun 2009, lokacin da wasu 'yan acaɓa suka kifa ƙwarya a ka don su tsere wa kamu.

Ina ganin ba sai mun jira gwamnati ta kwaikwayi Jamus ba. 'Yan acaɓa suna da ƙungiya, suna da tasha, suna yankar tikiti kullum. 'Yan agaji na Izala da Jama'atu da Fityanu suna kowace unguwa da kakinsu, ga kuma Red Cross. Me zai hana kafin a ba sabon ɗan acaɓa lamba ya zauna safiya ɗaya a nuna masa waɗannan? Su ne farkon zuwa wurin kowace faɗuwa, sau da yawa ma su ne a ƙasa.

Watan jiya ƙanwata ta kira ni ta WhatsApp daga Jekadafari, ɗanta na tsala ihu, salansar mashin ɗin babansa ta lashe masa ƙafa. Na ce ta zaunar da shi bakin randa ta yi ta zuba ruwa, ni zan duba mata agogo. Muna minti na shida na jiyo muryar Hajiyarmu daga tsakar gida tana cewa, "Ke, wai ruwa kawai Yayan naki ya ce? Miƙo mini man goge bakin nan."

"Hajiya, don Allah ki ba ni minti goma sha huɗu," na ce.

Ta ce ta ba ni, amma man na hannunta.