Ranar da aku ya fi ni jarumta a Bahar Maliya

Ni dai bakina ne ya ja min, ba kowa ba. Na je Fot Sudan, garin da ke bakin Bahar Maliya a ƙasar Sudan, gaida kawuna shekarun baya kafin yaƙin 2023 ya ɓarke, dangin mahaifiyata ne, kakanninsu suka taso daga ƙasar Hausa za su Makka a ƙafa suka yada zango a can shikenan zango ya zama gida. Muna zaune da daddare ana shan shayi sai taubashina ya tambaye ni wai na iya ruwa? Nace kai, ni kake tambaya? Ni da na tashi a bakin kududdufi, har dam ɗin Tiga na shiga. Ban dai faɗa musu iya gwiwa na tsaya ba. Yace madalla, gobe akwai wanda zan haɗa ka da shi.

Washegari ya kai ni wajen wani dattijo maƙwabcinsu, tsohon mai nutso ne, a tashar jirgin ruwa ya ƙare ƙuruciyarsa yana shiga ƙarƙashin jirage yana kankare musu ciki. Ɗakinsa kamar shagon ƴan gwangwan. A lungu ga wani kwalkwali na jan ƙarfe kamar tukunyar biki, da ƴan tagogin gilashi gaba da gefe, ga wasu takalma masu ƙasan dalma da na gwada ɗaga ɗaya sai da bayana ya amsa. Yace da irin wannan waɗanda suka koya masa aiki suke shiga, a ɗaure ka cikin riga a murɗa maka kwalkwalin da noti, kayan gaba ɗaya sun fi buhun shinkafa nauyi nesa ba kusa ba, sannan mutum biyu suna kan jirgi suna juya famfo da hannu suna turo maka iska ta tiyo. Magana kuwa da igiya ake yi, ka ja su ja. Nace Baba to in masu famfon suka tsaya gardamar ƙwallo fa? Yace shi yasa ba ka ba wanda kake bi bashi famfonka.

Ni nawa kayan wai na zamani ne a wajensa. Tukunyar iska ta ƙarfe duk fenti ya ɓare, da wani abu mai kama da gwangwanin kifi a samanta, tiyo biyu baƙaƙe masu ƙwarya-ƙwarya sun fito sun zagayo ta kafaɗu sun haɗu a baki. Yace wannan ƙirar Kusto ce. Jacques Cousteau yake nufi, Bafaranshen nan da shi da injiniya Émile Gagnan suka haɗa wannan na'ura a 1943, daga nan ne ya zama da sauƙi mutum ya yi yawo a ƙasan teku da iskarsa a bayansa ba igiya ba famfo. Kuma Baba in ya fara zancen Kusto sai ka nemi wurin zama, don a nan tekun nasu ne, a Sha'ab Rumi arewa da garin, mutumin ya kafa gida a ƙarƙashin ruwa a 1963, zurfin mita 10, mutanensa suka yi kwana 30 a ciki suna ci suna sha suna barci, har da aku suka sauka da shi. Aku fa, tsuntsu. Har yanzu akwai ragowar ginin a wurin, a lokacin masu nutso suna zuwa kallo. Nan take nace to can za a kai ni. Baba ya kalle ni sama da ƙasa yace ɗana bari mu fara da inda ƙafa take kusa da ƙasa.

A cikin kwalekwale ya yi min karatu. Wai ba agogon da zai nuna min iskar da ta rage, in na ji numfashi ya fara tauri in miƙa hannun hagu baya in ja wata ƴar sandar ƙarfe ƙasa, sai ajiyar iska ta buɗe, daga nan sai hawa sama. Ba rigar da ake hurawa ta ɗaga mutum irin ta yanzu, ɗamarar dalma ce kawai da huhunka da ƙafarka. Kar in riƙe numfashi in zan hau don iskar da ke ƙirji kumbura take yi, kuma kar in wuce ƙananan kumfata sauri. Ina ta to Baba, to Baba, wallahi rabi bai zauna ba, hankalina yana kan hoton da taubashina zai ɗauka.

Sai ya miƙo min gilashin fuska, zagayayye kamar murfin kwano, yace tofa yawu a ciki ka goga. Nace haba Baba, ni da girmana? Na faki idonsa na ɗauraye da ruwa kawai na saka.

Na faɗa ruwa. Toh ni ban san ya aka yi ba ko dalmar ce ta yi min yawa ko tuwon matar kawu ne, na dai ga ina tafiya ƙasa kamar an jefa turmi a rijiya. Kunnuwana suka ɗau zafi kamar ana soka min tsinke, na tuna an ce a toshe hanci a hura, na kai hannu hanci yana cikin gilashi ba wurin kamawa, ashe irin na da sai dai ka danna gindin gilashin ya toshe maka hancin. Kafin in gano haka gilashin ya yi hazo fari fat. Duk murjanin da ake ba ni labari da kifaye masu kala-kala ni dai harmatan na gani, irin na Kano a watan Janairu.

Na dira kan yashi da gwiwa, nace bari in kalli sama in ga ina kwalekwalen yake, na kwanta rigingine. Nan ne Kusto ya nuna min halinsa. Ashe wannan na'ura in bakinka ya fi gwangwanin bayan nan bisa, iska take turowa da kanta ba ka nema ba. Kumatuna suka cika tim kamar mai busa algaita a ƙofar fada, iska tana fita ta gefen baki ta hanci ta ko'ina, na juyo da sauri na kifa ciki sai kuma numfashin ya yi tauri kamar ina zuƙar fura mai kauri da tsinken shan lemo. Nace shikenan iska ta ƙare, innalillahi. Na miƙa hannu baya neman sandar nan, na kamo wani abu na ja da ƙarfin tsiya, ashe igiyar wandona ce.

Ina cikin rigimar wando sai ga wata inuwa doguwa ta gifta ta cikin hazon. Daren jiya kuma an cika ni da labarin kifin nan mai cin mutane da suke ce wa girish. Duk addu'ar da na sani na karanta ta cikin tiyo, kumfa kawai take fita. Inuwar ta matso ta dafa min kafaɗa, ta goge gilashina ta waje wanda bai amfana komai ba, sannan na gane taubashina ne, ko tukunya bai ɗauka ba da numfashinsa ya sauko. Don kar ya raina ni na ɗaga masa babban yatsa wai komai lafiya lau. Ashe a yaren masu nutso wannan yana nufin a hau sama. Ya cafki hannuna muka taso a hankali, ni hannu ɗaya a wando, kuma gaskiya ban yi masa gardama ba.

Da aka jawo ni cikin kwalekwale na kwanta ina haki nace Baba na kai mita nawa, ashirin? Yace huɗu. Minti nawa? Yace shida, har da faɗawar. Ya duba tukunyar yace iskar da na bari za ta ishe shi ya je ya dawo sau biyu, sandar ma tana nan inda take ban taɓa ta ba. Ya ɗauki gilashin ya duba yace ba ka tofa ba ko? Na yi shiru. Yace aku dai wata guda ya yi.

Da muka koma gida matar kawu ta ga fuskata ta saki salati, don gilashin ya matse ni ya bar min jan zobe tun daga goshi har ƙasan hanci, idanuna jajir, ashe ana ɗan hura iska ta hanci a cikinsa in ana sauka, wannan ma yana cikin rabin karatun da bai zauna ba. Tace wa ya kifa maka kwano? Kwana biyu ina zuwa masallaci da rawani har gira. Hoton kuwa taubashina ya ɗauka, amma na lokacin da ake jawo ni ne ina riƙe da wando, kuma duk sallah sai ya turo min shi a WhatsApp ya rubuta barka da sallah Kusto.