Malamin da ya shiga ƙarƙashin ruwa don ya ga ɗalibansa

'Yan'uwana matasa, musamman waɗanda aka fara damƙa wa amanar na ƙasa da su, a aji ne ko a filin wasa ko a shagon koyon sana'a, da ku nake magana. Kwanakin baya na bi ta wani filin ƙwallo bayan la'asar, na tarar da yara suna ta zagaye fili da gudu, shi kuwa mai horar da su, wanda bai wuce sa'ata ba, yana zaune a kan babur a gindin dalbejiya, usur a wuya, kai a sunkuye kan waya. Jifa-jifa yakan busa usur ba tare da ya ɗago ba. Akwai wani yaro da ya fara ɗingishi tun zagaye na biyu, kuma duk wanda ke wurin ya lura da shi in ban da wanda aka ba amanarsa. Abin da na gani ya tuna mini da wani Ba'amurke mai suna James Counsilman, wanda ake yi wa laƙabi da Doc, mai horar da 'yan wasan ninkaya na Jami'ar Indiyana daga 1957 zuwa 1990.

An haife shi a 1920. Ya yi ninkaya a Jami'ar Jihar Ohayo, ya tuƙa jirgin sama mai jefa bama-bamai a yaƙin duniya na biyu, sannan ya koma karatu har ya sami digirin digirgir a Jami'ar Iowa, inda laƙabin nasa ya samo asali. A lokacin da ya fara aiki, yawancin masu horarwa suna koyar da abin da aka koya musu ne, kuma daga bakin ruwa suke tsayawa suna ba da umarni, alhali kuwa aikin da ke tura jikin mai ninkaya gaba a ƙarƙashin ruwa hannu yake yin sa, inda wanda ke tsaye a sama ba ya ganin komai sai kumfa da fantsamar ruwa. Counsilman bai gamsu da wannan ba. Ya riƙa ɗaukar gwanayen 'yan wasa a fim daga ƙarƙashin ruwa, yana zama yana bin hotunan ɗaya bayan ɗaya, har ya gano cewa hannun gwani ba ya tafiya a miƙe daga gaba zuwa baya kamar yadda ake zato. Gwiwar hannu takan lanƙwashe, tafin hannu kuma ya bi karkatacciyar hanya a cikin ruwan. Ma'ana, jikin ɗalibi ya riga ya gano abin da malami bai sani ba, kuma gani ya kori ji. Maimakon ya tilasta wa yara komawa kan abin da aka gada, sai ya gyara koyarwarsa ta dace da abin da idonsa ya nuna masa. A 1968 ya tattara bincikensa a cikin littafi kan kimiyyar ninkaya, wanda aka fassara zuwa harsuna da dama.

A nan nake so ku tsaya ku yi wa kanku hisabi. Da yawanmu, da zarar an kira mu malam ko oga ko koci, sai mu ɗauka koyo ya ƙare, abin da ya rage shi ne tsawa. Idan yaro ya tambayi dalilin wani abu, amsar ita ce haka muka tarar, kuma idan ya yi abin ta wata hanya dabam har ya yi kyau, sai ran malam ya ɓaci don ba shi ya koya masa ba. Wayar da ke hannun wancan saurayi na gindin dalbejiya tana ɗauke da kyamarar da ta fi kayan aikin Counsilman sauƙin sarrafawa nesa ba kusa ba. Da zai ɗauki gudun yaransa na minti biyu, ya mayar da hoton a hankali, da ya ga wanda ke taka ƙafa a karkace, da wanda ke riƙe numfashi, da wanda ciwo ke ci yana ɓoyewa don tsoron kada a cire shi daga ƙungiya.

Wani abu da ake danganta yaɗuwarsa da Counsilman shi ne babban agogon da ake kafawa a bakin wurin ninkaya, mai dogon hannu da ke nuna daƙiƙa. Amfaninsa shi ne ɗan wasa ya yi tazarar da aka yanka masa, ya ɗago kai ya ga lokacin da ya ci da idonsa, ya huta iya daƙiƙun da aka ƙayyade, sannan ya sake faɗawa ruwa ba tare da jiran a ce masa ya tafi ba. Ni a ganina hikimar wannan agogo ta fi ta kyamarar, domin ya miƙa wa ɗalibi ma'aunin kansa. Malamin da ke ɓoye wa yara hanyar gane ko sun ci gaba, don su dawwama suna kallon bakinsa, yana gina girmansa ne a kan jahilcinsu.

Nasarar ba ta zo da wuri ba. A farkon shekarun 1960 an hana dukkan ƙungiyoyin wasannin jami'ar shiga gasar ƙasa ta jami'o'i saboda laifin da aka samu a sashen ƙwallon ƙafa irin na Amurka, ga shi kuwa a lokacin yana da gwanaye irin su Chet Jastremski da ke karya tarihin duniya. Laifin wasu ya shafe shi, amma bai tattara kayansa ya bar wurin ba. Sai a 1968, shekara 11 bayan zuwansa, Indiyana ta ɗauki kofin ƙasa na farko, daga nan kuma ta riƙe shi sau 6 a jere har 1973. A rukunin jami'o'in yankinsu da ake kira Big Ten, ta ci kofi shekara 20 a jere, daga 1961 zuwa 1980. Ku da kuke barin aiki bayan wata uku don ba a yaba muku ba, ku ƙirga waɗannan shekaru 11.

Labarin Mark Spitz ma abin dubawa ne. Yana ɗan shekara 18 ya je gasar Olamfik ta Meziko a 1968 da cika bakin zai kwaso zinare 6, ya dawo da 2 kacal, su ma a tseren haɗin gwiwa, ya zama abin yi da baki. A wannan hali ya shiga Indiyana a 1969. Counsilman ya karɓe shi, ya zaunar da shi cikin sauran 'yan wasa, kuma a Munich a 1972 ya ci zinare 7, kowanne da sabon tarihin duniya. Shi kansa Counsilman ya jagoranci tawagar maza ta Amurka a Olamfik na Tokyo a 1964 da na Montreal a 1976, inda suka ci zinare 12 daga cikin 13, kuma ɗalibinsa Jim Montgomery ya zama mutum na farko da ya yi mita 100 cikin ƙasa da daƙiƙa 50, wato 49.99.

Kada a ɗauka duk abin da ya faɗa ya tabbata. Bayanin da ya bayar cewa hannun mai ninkaya yana samun ƙarfi kamar yadda fiffiken jirgin sama ke samu a iska, masu bincike na baya sun yi jayayya da shi sosai, kuma da irin hanyar da ya buɗe ta ɗaukar hoto da aunawa suka yi jayayyar. Haka nan bai ce shi ne masanin komai ba. Ɓangaren dirowa cikin ruwa daga kan katako da dogon dakali yana hannun Hobie Billingsley tun daga 1959 har 1989, wanda ɗalibansa Ken Sitzberger da Lesley Bush suka ci zinare a Tokyo, kuma makin masu dirowa ana haɗa shi ne da na masu ninkaya kafin a san jami'ar da ta ɗauki kofi.

A 1979, yana da shekara 58, ya ɗora wa kansa irin horon da yake ɗora wa yara, ya ƙetare mashigin tekun da ya raba Ingila da Faransa da ninkaya, tazarar kilomita kusan 34 a cikin ruwan sanyi, cikin sama da awa 13, ya zama mafi tsufan wanda ya taɓa yin haka a wancan lokaci. Ya rasu a farkon 2004 a garin Bloomington bayan doguwar jinyar cutar karkarwa ta Parkinson. Wurin ninkaya na jami'ar a yau sunayen mutum biyu yake ɗauke da su, nasa da na Billingsley.