Wai in je in hau jirgin ƙasa

Jiya da asuba wani yaro da bai kai ɗana na fari ba ya maida ni abin dariya a gaban jama'a, a tashar wani kamfanin kar, wato manyan motocin fasinja, nan Yamai. Tikitin Tawa na yanka tun shekaranjiya, an rubuta tashi ƙarfe biyar. Kafin kiran sallah ina wurin da kayana, sai na tarar da wani zaune daram a kujerata, riƙe da tikiti mai lamba irin tawa.

Na je wurin mai saida tikiti na yi sallama. Yana latsa waya. Na sake sallama. Sai ya ɗago ido a hankali, kamar na zo roƙon sadaka.

"Baba, mi ne ne?"

Na miƙa masa takardar. Ko karɓa bai yi ba, daga nesa ya leƙa.

"Kar ta cika. Sai ta gobe."

Na ce, "Yaro, ɗaurin aure za ni, gobe da safe ne. In babu wuri a maido mini kuɗina."

"Maigida bai zo ba."

"Yaushe zai zo?"

"Allah masani." Ya koma kan wayarsa, sannan ya ƙara da murmushi: "Baba, in sauri kake, ga jirgin ƙasa can, je ka hau."

Masu ɗaukar kaya suka fashe da dariya. Madalla da tarbiyya! Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yaron ya san inda zai taɓa. Ya san ba ni da wata hanya, shi ya sa yake magana da gadara.

Jirgin ƙasa kam muna da shi, a hoto. A watan Afrilun 2014 aka buɗe tasharsa a Yamai da kiɗa da jawabai. A Janairun 2016 aka ƙaddamar da dogon da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa zuwa Dosso, wajen kilomita 140, aka ce zai wuce Gaya ya haɗe da na Paraku har Kwatano. Duk mai bin hanyar Dosso yana ganinsa a gefen kwalta, yashi na cinye shi, awaki na tsallakawa. Wa ya taɓa yankar tikiti ya hau? Tun 1959 ma muka sa hannu a hukumar dogo ta OCBN tare da Benin, alhali ƙarafunan duka a ƙasarsu suke.

Kada wani ya ce mini talauci ne. Iritiriya ta fi mu arziki? Dogon da Italiya ta gina musu ya isa Asmara a 1911, yana tasowa daga bakin teku a Masawa ya hau tsaunuka sama da mita 2,000, yana ratsa ramukan da aka huda cikin dutse. Yaƙi ya tsayar da shi a 1975. Da suka samu ƴanci sai suka kirawo tsofaffin ma'aikata, masu furfura, suka share ramukan, suka gyara tsofaffin injuna, jirgi ya sake isa Asmara a 2003. Na sani, masu yawon buɗe ido ya fi ɗauka yanzu, amma dai yana motsi. Mu daga Yamai zuwa Dosso ina tsaunin da za a huda? Fili ne fetal, kuma sabon ƙarfe ne, ba na zamanin Turawa ba.

Gwamnati ta zo ta tafi, ta farar hula da ta soja, kowacce da alkawarinta na dogo. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, shekara da shekaru manyan motoci na ratsa Tawa da shi, mu kuwa rabonmu ƙura da ramukan hanya. Masu yanke kyallen buɗe tasha ba su taɓa kwana kan benci suna jiran kar ba, balle wani ɗan tasha ya ce musu maigida bai zo ba.