Injiniyan kifi

Wani abokina da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Abuja ya bar mini akwatin gilashinsa na kifi, mai cin lita 100, da jajayen kifayen nan na ado a ciki. Na girke shi a falo kusa da talabijin. Duk baƙon da ya shigo sai ya sha bayani, kai ka ce a gidan Sarkin Ruwa aka yanke mini cibiya.

Sai kafet ya fara kwana a jiƙe. Autanmu, wanda bai daɗe da rabuwa da famfas ba, shi ya fara shan tuhuma. Daga shi aka koma kan magen maƙwabta. Uwargida ce ta raba gardama: ta shimfiɗa tsohuwar jarida a gindin akwatin, kafin la'asar ga layin ruwa ya fito daga kusurwar hagu ta baya.

"To Yallaɓai, sai a nemi gafarar yaro," in ji ta.

Na ce wannan ai ƙaramin aiki ne. Na sayo silikon, wato danƙon nan na liƙe gilashi, da bindigar matsa shi, na lafta a kusurwar ta waje, ruwa na ciki, kifaye na kallona. Da safe yoyon ya yi ƙaura, ya ɓullo ta ƙasan facin. Na ƙara laftawa. Ya sake matsawa gaba. Kafin mako ya fita kusurwar ta yi tozo, kafet kuwa ya fara warin rijiya.

Dole na tafi wurin wani dattijo mai yanka gilashin taga a unguwarmu. Ya karɓi robar silikon ɗin, ya nisanta ta da ido yana karantawa, sannan ya dube ni.

"Alhaji, kifin naka suna da rai?"

Na ce lafiyarsu ƙalau.

"To ka gode Allah da ta waje ka shafa. Wannan na banɗaki ne, akwai maganin fumfuna a ciki. Da ya taɓa ruwansu, da yanzu gaisuwa muke zuwa yi maka."

Ya ce in nemi zallan silikon, wanda aka rubuta 100% a jikinsa kuma aka ce ya dace da akwatin kifi. Sannan ya faɗi maganar da ta kashe mini jiki: sabon silikon ba ya kama tsohon da ya bushe. Sai an kwashe kifi, an zubar da ruwa, an kankare duk layin ciki da reza, ba kusurwa ɗaya ba, an goge da sifirit har gilashi ya yi ƙara a ƙarƙashin yatsa. Amma kada rezar ta shiga tsakanin gilashi da gilashi, domin ɗan siririn da ke wurin shi ke riƙe da akwatin gaba ɗaya.

Kifaye suka koma babban bahon uwargida, na kayan aurenta, da ruwansu na asali, domin sabon ruwan famfo yana iya zuwa da kulorin, maganin tsabtace ruwa da ke cutar da kifi. Ranar ce kuma Hajiya ta zo duba jikoki. Ta leƙa bahon a ƙofar kicin, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ɗan nan, waɗannan ko miyar mutum ɗaya ai ba za su yi ba. Nawa suka cuce ka?" Da na ce na kallo ne, sai ta yi salati ta nemi tabarma.

Kankara ta ci yini guda da fatar yatsu biyu. Na manna salatif a gefe da gefen kowace kusurwa don layi ya fita sambal, na matsa bindiga. Wari ya tashi irin na ruwan khal, mai shiga hanci ya fito ta ido. Ina hawaye ina bin layi da yatsa, domin in an yi jinkiri samansa ya fara yin fata. A nan ƙuda ya sauka a gemuna, na kai hannu na kore shi. Wanda bai taɓa cire silikon daga gemu ba bai san darajar almakashi ba. Na je sallar magariba da gefe guda a sassabe, liman ya dube ni sau biyu.

Dattijo ya ce a ba shi aƙalla awa 48, kuma tunda hunturu ake ciki in ƙara, domin danshin iska ne ke busar da shi, iskar hunturu kuwa ba ta da ko ɗigo. Haka baho ya ci gaba da zama a hannun kifaye, an rufe shi da gidan sauro saboda mage, wankin gida ya taru, ana gaishe ni a taƙaice.

Ranar gwaji na fitar da akwatin tsakar gida, na ɗora a kan tebur, na kira ɗan ga-ruwa ya juye jarka biyar. Ya kwana, ya yini, jarida a bushe ƙamas. Na kira yara su yi tafi. Sai na naɗe hannun riga na ce ɗan ga-ruwa ya kama mini mu shigar da shi falo.

Ya ce, "Alhaji, kilo 100 ne fa, ban da gilashi. In mun ɗaga, gindin ne zai rage a tebur."

Da kofi da bokiti na kwashe ruwan da na saya da kuɗina, uwargida na tsaye tana nuna mini inda zan juye, ta samu na wanki. Tana karɓar bahonta ta miƙo mini robar silikon ɗin nan ta farko.

"Injiniya, tunda an ce na banɗaki ne, ga can gindin famfo yana yoyo tun bara."