Wai shekara hamsin gwaggona ta yi tana kiran gunkin Girkawa

Irin bidiyon nan na mai wa'azi da farin allo, na san ya shigo wayoyinku ta WhatsApp kamar yadda ya shigo tawa. Ya yafa mayafin addu'ar Yahudawa mai tuntaye, ga ƙahon rago ajiye a gefe, ya ja layi ya raba allo gida biyu. A dama ya rubuta tunanin Ibraniyawa: aiki, zuciya, biyayya. A hagu kuma tunanin Girkawa: gardama, ƙwaƙwalwa, tsurar lissafi. Daga nan sai hukunci: wai Girkawa sun sace bangaskiya sun gurɓata ta, har sunan Yesu ma daga gunkinsu Zeus aka samo shi, duk wanda bai ce Yeshua ba addu'arsa ba ta wuce rufin ɗaki.

Da farko dariya na yi na wuce. Sai ga kiran gwaggona da sassafe, matar da ta haura shekara hamsin a zumuntar mata, wadda ta haddace Zabura fiye da fastoci da yawa. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Ɗana, kai ka yi karatu, gaya mini tsakaninka da Allah. Addu'o'in da na yi wa babanku yana kwance a asibiti, da sunan wa na yi su?" Muryarta na rawa. A nan dariyar ta ƙare mini.

Mu fara da sunan, don shi ne ƙanzon kuregen da ya fi sauƙin kamawa. A ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, Yahudawan Iskandariyya ta Masar suka mayar da Attaura zuwa Girkanci, saboda 'ya'yansu sun daina jin Ibrananci. Da suka iso kan sunan Joshuwa ɗan Nun, wanda suna ɗaya ne da Yeshua, sai suka rubuta Iesus, inda aka samo Yesu, domin Girkanci ba shi da sautin "sh", kuma sunan namiji a wurinsu yakan ƙare da "s". Yahudawa ne suka yi wannan da hannunsu, shekaru sama da 200 kafin a haifi Yesu. Bakin Bahaushe ya mayar da Khadija Hadiza, ya mayar da Muhammad Mamman, ba wanda ya ce an shigo da gunki. Zeus kuwa ko tushe ɗaya ba su haɗa da wannan suna ba.

Shi kansa allon mai gida biyu ɗumame ne. Wani malamin tauhidi ɗan Norway, Thorleif Boman, ya fitar da littafi a 1952 yana cewa harshen Ibrananci na motsi ne da aiki, na Girkawa kuma na tsayuwa wuri ɗaya da kallo. Zancen ya yi kasuwa na ɗan lokaci, har James Barr ɗan Scotland ya zo a 1961 ya warware shi zare-zare. Yau shekara sittin da ɗoriya ke nan, sai ga shi an ɗumama mana shi a waya ana kiransa sabon wahayi.

Abin da Barr ya nuna, Bahaushe ya fi kowa saurin gane shi. Masu allo suna son kalmar dabar. Suna cewa tunda a Ibrananci tana nufin kalma kuma tana nufin al'amari, to Ba'ibrane ba ya raba faɗa da cikawa. To, mu fa? Muna cewa "maganar gonar nan ta kai kotu", muna cewa "ya yi magana biyu ya zauna". Kalma ɗaya ce. Akwai Bahaushen da ya kasa bambanta gona da furuci? Muna cin tuwo, mu ci jarrabawa, mu ci bashi, mu ci kasuwa, wani ma ya ci amana. A ce wani Bature ya tattara waɗannan ya rubuta littafi cewa Bahaushe da cikinsa yake tunani, duk duniya abinci ce a idonsa. Za mu ce masa sannu da ƙoƙari, amma ba ka ji Hausa ba. Ma'anar kalma a cikin jimla take zaune, kuma ba a auna ƙwaƙwalwar al'umma da ƙamus.

Sannan wane Bagirke ake nufi? Heraklitus ya ce komai gudana yake kamar kogi, Parmenides ya ce canji ruɗin ido ne, ba abin da ke motsi. Su biyun nan Girkawa ne, kuma ba su yarda da juna ba ko kaɗan. An ce mana Ba'ibrane da zuciya yake tunani, Bagirke da kai. Aristotal, uban mantiƙi (ilimin kafa hujja da hankali) da kansa, a zuciya ya ajiye hankali, ƙwaƙwalwa kuwa ya ɗauke ta abin sanyaya jini. A ɗaya gefen, wanda ya ce Ibraniyawa ba sa gardamar hankali bai karanta littafin Ayuba ba, inda mutum ya zauna cikin toka yana ja-in-ja da abokansa uku babi bayan babi a kan dalilin wahalar adali.

Kuma tun yaushe aka gina katangar tsakanin Ibraniyawa da Girkawa? Iskandar Mai Girma ya ci ƙasar Yahudawa a 332 kafin haihuwar Almasihu. Majalisar dattawan Yahudawa da ake kira Sanhedrin, sunanta kalmar Girkanci ce. Littattafai 27 na Sabon Alkawari duk da Girkanci aka rubuta su, kuma marubutan sun sha ɗauko ayoyin Tsohon Alkawari daga waccan fassara ta Iskandariyya. Bulus, Bafarisiye ɗan Tarsus, ya tsaya a Atina ya kafa hujja da baitin mawaƙan Girkawa, yana nan a Ayyukan Manzanni sura 17. Yesu kansa, 'yan kalmomin bakinsa da aka adana mana yadda ya furta su, irin su "Talita kumi", Aramiyanci ne, ba Ibrananci ba. Ko mai ƙahon rago ya san haka?

Masu cewa babu wani bambanci sam, su ma ba su karanta surar nan ta 17 har ƙarshe ba, inda mutanen Atina suka yi wa Bulus ba'a da jin zancen tashin matattu, ga kuma almajiran Aflatun, masanin falsafar Girkawa, da jiki kurkuku ne a wurinsu. Wannan saɓanin koyarwa ne a kan magana ɗaya takamaimai, ana iya zama a tattauna shi, bai mayar da mutane masu ƙwaƙwalwa iri biyu ba.

Maƙwabtanmu Musulmi sun riga mu shan wannan muhawara. Imam Ghazali ya ragargaji 'yan falsafa, amma ya buɗe littafinsa na usulul fiƙihu da darasin mantiƙi. Shehu Maghili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, sun yi musayar baitoci da Suyuɗi na Masar a kan haramta mantiƙi, Maghili yana cewa a karɓi gaskiya ko daga bakin wa ta fito. Shekara 500 ke nan da aka yi wannan zance, mu kuma yanzu muke firgita tsofaffi da shi.

Ni abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne amfanin da ake yi da allon. Ka tambayi mai wa'azi ina ya samo fassararsa, ya ce maka wannan tunanin Girkawa ne. Ka tambayi inda kuɗin baiko ya shiga, tunanin Girkawa ne. Ba'ibrane na gaske, in ji shi, biyayya yake yi ba tambaya. Da walakin goro a miya. An sami sanda mai sunan ilimi ana rufe bakin jama'a da ita, kuma ana koya wa mutanen da suka sami cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932 cewa harshensu bai isa ya kai saƙo sama ba.

Muna da malaman da suka karanta Ibrananci da Girkanci a makarantun tauhidi na Bukuru da Jos da Kagoro. Su fito su yi magana da Hausa, a waya, inda ɓarnar take. Shugabannin ikilisiya kuma su daina ba kowane mai mayafi bagade don kawai ya iya furta kalma uku da maƙogwaro.

Na yi wa gwaggo bayanin Hadiza da Khadija. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To shi yaron nan, da wane yare ya yi wa'azin nasa?" Na ce da Turanci, Gwaggo. Ta ja tsaki ta ce bari ta je ta ɗora koko.